Na'ura Ɗaya, Kujera Huɗu

Ku da kuke shigowa shagona da waya a hannu, kuna nuna mani bidiyon wani Bature da ya haɗa aikin nan cikin minti ashirin, ku jawo benci ku zauna. Mutumin da kuka gani ɗakinshi da sanyi, wutarshi ba ta rawa, in wani abu ya ƙone mashi gobe a kawo mashi sabo har ƙofar gida. Nan Maraɗi ce. Sunana Lawali, haihuwar Tsibiri, gyaran ordinater nake yi, abin da mutanen Najeriya ke ce ma kwamfuta. Zan gaya maku yadda ake sa na'ura ɗaya ta ɗauki ƴan wasa huɗu, da abin da hakan ya jawo ma wani bawan Allah da ya yarda da ni.

Aikin farko da aka taɓa miƙo mani rediyon wani mahauci ne. Lokacin ina koyon sana'a wurin Malam Hamidu mai rediyo, a wata rumfa bakin kasuwar Tsibiri. Na kwance shi da gaggawa, na zube bis ɗin, ƙusoshin nan na murɗawa, duka wuri ɗaya, na ga tsaka ta bushe a kan allon wayoyin da ke cikinshi, na cire ta, rediyo ya kama. Da na zo rufewa sai na sa dogon bis a ramin gajere, ya huda allon ya tsaga shi. Malam Hamidu bai buge ni ba. Ya ɗauko wani mataccen rediyo ya aje gabana, ya ɗora faranti a gefe.

"Kwance shi ka ɗaure, ka kwance ka ɗaure, har la'asar. Kowane bis ka jera shi a farantin nan yadda ya fito. Ranar da ka san ramin kowane, ka zo mu yi magana."

Sati biyu ina wannan. Sai da na shekara biyu a rumfar kafin ya bar ni in taɓa ƙarfen dalma, wanda a gawayi muke gasa shi. Daga wurinshi na taso da abubuwa uku da har yau ba sa barin teburina: turnabis na kwance bis, testa mai allura ta auna wuta, da littafi, don duk abin da zan canza sai na fara rubuta yadda na same shi.

Da rediyo ya yi arha har mutane suka daina kawo gyara, sai na shigo Maraɗi. Na yi shekaru a wata sibar, ɗakin da ake biya a shiga intanet, kusa da babbar kasuwa, inda wani ɗan Kwatano ya koya mani cikin ordinater, ni kuma ina yi mashi aikin dalma. Wayar hannu ta zo ta kashe sibar. Muka koma gyaran na'urorin biro-biro, wato ofisoshi, da na ƴan lakwal masu karatun boko, sai kuma ɗakunan wasa da suka fara buɗewa a unguwanni, inda samari ke buga ƙwallo a ekran, gilashin da ke nuna hoto. Ta nan na shiga aikin da kuke tambaya.

Ga yadda abin yake. Ordinater ɗaya ce babba. A kanta ka kafa tsari na ƙasa, Linux, shi muke ce ma mai gida. A cikinshi kuma ka kafa wasu ordinatoci da babu su a zahiri, mashin birtuwel, kowace da Windows ɗinta. Su ne baƙi. Raba masu ƙwaƙwalwa da wurin ajiya ba wuya, wannan ko ku za ku iya. Amma wasa ba ya tafiya sai da kart girafik, katin da ke zana hoto a ekran, shi kuwa ba ya rabuwa. Dole ka ƙwace shi ɗungurungum daga mai gida tun na'ura na tashi, kafin ya sa mashi hannu, ka miƙa ma baƙo ɗaya. Baƙo huɗu, kati huɗu. Sai ka shiga can cikin saitin babban allo, wanda komi ke zaune a kanshi, ka buɗe abin da ke ba da izinin haka, in allon yana da shi. Sannan ka duba yadda allon ya ɗaure ramukan katunan rukuni-rukuni. In kati biyu suka faɗa rukuni ɗaya, ba ka iya ba wannan baƙo ɗaya ka ba wancan ɗaya. Tare suke tafiya ko su zauna tare. Wannan kuwa ba a rubuta shi a jikin kwali ba. Sai ka saya, ka kunna, sannan ka sani.

Ran da na fara gwadawa a kan tawa na'urar, kati ɗaya gare ni. Na rubuta umarnin da ke hana mai gida taɓa shi, na kashe na kunna. Fanka na juyawa, fitila na ci, ekran baƙi ƙirin. Na ƙwace ma mai gida abin da yake nuna hoto da shi tun baƙo bai tashi ba, yanzu ba ni da inda zan ga kuskuren da na yi balle in gyara. Kwana uku na yi kafin in gane in tashe ta daga kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sakawa a gefe, in bi littafina layi-layi in maida komi yadda yake. Bayan nan sai da na yi wata huɗu ina gwaji tsakanin ayyukan mutane kafin in ga ƙwallo ta gudu a cikin baƙo ba ta tsinke ba.

Haruna ya zo mani wata safiya a bayan kabu-kabu, da sandar ƙarfe ƙarƙashin hammata. Mutumin Jiratawa ne, shekarunshi kamar arba'in, manomin ban-ruwa tun tasowarshi: zogale, albasa, tattasai. Wata rana yana kawo buhunan zogale Maraɗi a kan babur, kamyo, babbar motar kaya, ya ture shi, ƙugu ya karye. An ɗora, amma bai ƙara iya duƙawa cikin fangali ba. Ya sayar da filinshi ga wani ɗan kasuwa, ya kama shago a cikin gari, yana neman sana'ar da ake yi a zaune.

"Malam Lawali, ɗakin wasa nake son buɗewa. Kujera huɗu. An ce mani kai ka san kan abin."

"Ordinater huɗu ke nan," na ce.

"Na tambaya. Abin da ke hannuna bai kai huɗu masu ƙarfi ba, iyaka biyu. Kujera biyu kuwa ba ta riƙe gida mai mutum bakwai."

Nan ne na buɗe baki na gaya mashi akwai wata hanya. Ba shi ya tambaye ni ba, ku riƙe wannan. Ni na kawo maganar. Na ce allo ɗaya babba, akwatin wuta ɗaya, kati huɗu na hannu, ekran huɗu. Na kunna mashi tawa ya gani da idonshi. Ya daɗe yana kallo.

"In ta lalace fa?"

"In ta lalace ina nan."

"To, Malam. Ni ban san komi ba a wanga abu. Yadda ka ce, haka za a yi."

Kayan daga Kano suka zo, a hannun wani direba da ke bin hanyar Katsina. Katunan duk an sha aiki da su, biyu daga ciki fankarsu na ƙara, na kwance su na wanke na sa masu sabon man sanyaya. Da na jera su a allo sai na ga na biyu da na uku sun faɗa rukuni ɗaya. Kwana tara ina sauya masu ramuka, ina canza saiti, ina rubutawa, kafin kowane ya tsaya shi kaɗai. Sai matsalar manet, abin da ake riƙewa a buga wasan. Duka huɗun iri ɗaya ne, na'ura ba ta bambance su, mai kujera ta ɗaya ya danna sai ɗan wasan kujera ta huɗu ya ruga. Na ware ma kowace kujera bakinta na sakawa, Rabi matar Haruna ta ba mu jan farce kala huɗu, muka shafa ma kowane baki da wayarshi. Kati na uku kuma yana da hali: in aka kashe baƙonshi ba ya farkawa sai an kashe na'urar gaba ɗaya, a tada sauran ukun daga wasa. Wannan ban iya maganinshi ba. Na rubuta a kwali na manna a bango cewa kujera ta uku ba a kashe ta. Daga ƙarshe na sa ondiler tsakanin bango da na'ura, akwatin batir da ke tace wuta ya kuma riƙe ta in an ɗauke. Babba na sa, don kati huɗu ba ƙaramar wuta suke sha ba. Na ce ma Haruna ko da wasa kar wani ya saka na'urar nan kai tsaye a bango.

Shekara ɗaya da wani abu tana aiki. Ƴan kabu-kabu su aje babura su shigo da rana, ƴan jami'a da yamma, ran Lahadi har layi ake yi a waje. Haruna na zaune bakin ƙofa da sandarshi jingine, ya koyi tada baƙi huɗun bi da bi yadda na nuna mashi. Rigima ɗaya muka samu a lokacin. Wani mushe, malamin lakwal, ya shekara uku yana gina matsayinshi a wani wasan harbi na intanet. Ya shiga da sunanshi a kujera ta biyu, masu kamfanin wasan suka gano mashin birtuwel ce, suka ɗauke shi mai maguɗi suka rufe sunanshi a wasan har abada. Ya zo har shagona yana ɗaga murya, wai mun san haka muka bar shi ya zauna. Ban sani ba. Na ba shi haƙuri, na ƙara kwali na biyu a bangon Haruna, na gargaɗi kan irin wannan wasa.

Sai shekarar da aka rufe iyaka, aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya. Kun san ta, kuna nan. Kuran, wutar lantarkin gari, ya koma zuwa awa biyu, uku, wani lokaci ba ya zuwa sam. Haruna ya sayi ƙaramin gurup na hannu, injin ba da wuta, ya aje bayan shago. Gurup irin wannan wutarshi ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ondiler ya ji ta ya ƙi ta, ya koma kan batir yana kuka. Batiran suka yi ta cika suna zubewa sau ba iyaka a yini, ga zafin ɗaki, suka kumbura kamar burodi. Na zaga Maraɗi ban samu masu girmansu ba. Na aika Damagaram, na aika Yamai, babu. Kano kuwa ga ta kusa, amma ba hanya.

Haruna ya kira ni ya ce in cire ondiler in haɗa na'ura kai tsaye da gurup. Na ce a'a. Bayan kwana huɗu ya sake kira, na ce a'a. Karo na uku bai kira ba, ya zo da kanshi, ya zauna a bencin nan da kuke zaune, ya miƙe ƙafar da ba ta lanƙwasuwa.

"Malam, kwana goma sha ɗaya ke nan ƙofa rufe. Samari sun fara tafiya wani wuri. Gero ka san yadda ya koma a kasuwa."

"Haruna, wutar gurup ɗin nan na auna ta. Allura ba ta tsayawa. In ta yi tsalle sau ɗaya, ba kujera ɗaya za ta ɗauka ba."

"In ta zauna a rufe ma ai ba kujera ko ɗaya. Kai ka ce in ta lalace kana nan. To, ga ni na zo."

Na ɗauki jakar kayan aiki muka tafi. Na sake aunawa a gabanshi, allura na hawa tana sauka. Na sa wani tsohon regilater na firiji, mai daidaita wuta, a tsakani; na san ba ya da saurin da zai tare tsallen wuta, amma ya fi babu. Na ce mashi kar ya taɓa bari mai ya ƙare a gurup na'ura na kunne, a kashe ta tukuna. Da hannuna na zare wayar daga ondiler.

Sati uku ta yi. Wata Talata bayan azahar, kujeru huɗu cike, man gurup ya yi ƙasa. Mai a lokacin kwalba-kwalba ake samunshi, wani gauraye da abin da Allah kaɗai ya sani, yana ƙonewa da sauri fiye da yadda aka saba. Gurup ya yi tari, ya yi kamar zai mutu, sai ya zabura da ƙarfi. Haruna ya ce yana jin sautin ya miƙa hannu ya ɗauki sanda, amma kafin ya taka daga ƙofa zuwa bayan shago ekran huɗun sun mutu tare.

Tun daga bakin titi na ji warin. Na kwance na'urar, na fara da akwatin wuta: ya narke ciki. Babban allo ya yi baƙi daga inda wuta ke shiga har ramin kati na biyu. Na kai katunan shagona na gwada su ɗaya-ɗaya. Na ɗaya da na biyu sun tafi. Na uku mai halin nan da na huɗu suna da rai.

Allo mai ramuka huɗu da ke rabuwa ba abin da ake tsinta a teburin kasuwa ba ne ko da hanya buɗe. Bayan wata biyu wani mai babur da ke bin daji ya shigo mana da ɗaya daga Kano, naɗe cikin tsumma a tsakiyar buhu. Sunan allon ɗaya da na farko sai harafi guda a ƙarshe. Ya tashi lafiya. Da na duba rukuni, ramukan duka a ɗaure suke wuri ɗaya. Akwai dabarar da ake tilasta masu rabuwa, na yi ta. Sai na'ura ta yi awa ɗaya ta daskare, baƙi biyun tare. Na haƙura. Na sa kati ɗaya a sabon allon ya zama ordinater irin ta kowa, na ɗauko wata tsohuwa ta biro daga shagona na cusa mata ɗayan. Kujera biyu, abin da Haruna zai iya saya tun farko ba tare da ni ba.

Amma lokacin samari sun riga sun saba da wani ɗaki a gaba, wanda ke da farantan hasken rana a kan rufi. Kujera biyun ma ba su cika. Wanda ya ba Haruna hayar shago kuma ya samu ɗan kasuwa da ke neman wurin ajiye hatsi. Kafin a buɗe iyaka Haruna ya sayar da abin da ya rage, ya kwashe iyalinshi ya koma Jiratawa. Bai zo ya yi mani sallama ba, ni ma ban je ba.

Har yau ina yin aikin. Ɗiyan alhazai na kawo mani nasu, mai son ya yi karatu a mai gida ya yi wasa a baƙo, kati ɗaya, baƙo ɗaya. Waɗannan ina yi masu, don in ta ƙone ba wanda zai kwana da yunwa. Amma duk wanda ya ce mani da ita zai ci da gida, ba na ma kunna mashi tawa ya gani.

Bara da rani aka kira ni Jiratawa in gyara ordinater a biron wata ƙungiyar manoma. Na gama kafin azahar, na fito ina neman abin hawa, sai na hange shi a wata rumfar zana bakin fangaloli. Yana zaune kan tabarma cikin tsofaffi da mata, ƙafa a miƙe, ana tsige ganyen zogale daga reshe ana tarawa a buhu. Aikin yini ne, na mai fili. Filin da ke bayanshi kore shar, ruwa na bin magudana yana shiga fangali ɗaya bayan ɗaya. Shi ne nashi na da. Ban tambaya ba, shi ya nuna mani da haɓa.

Muka gaisa, ya tambayi iyalina, na tambayi Rabi da yara. Ya matsa ya ba ni gefen tabarma. Hannunshi bai tsaya ba.

"Malam, akwai abin da nake son tambayarka tun tuni. Da biyun nan na saya tun farko, kowace da akwatinta, da sun tsira ran nan?"

Ina iya ce mashi wannan sai Allah. Ina iya ce mashi gurup ne, ko mai ne, ko shi ne ya matsa mani.

"Ƙananan ondiler da ake sa ma irinsu, batirinsu na nan a kasuwa ko a shekarar," na ce. "Da ba a kai ga cire shi ba. In ma ɗaya ta ƙone, da ɗayar na aiki, kayan gyaranta kuma na nan Maraɗi."

"Da sun tsira ke nan."

"Da sun tsira."

Ya gyaɗa kai. Ya tsige reshen da ke hannunshi har ƙarshe, ya jefa karan a gefe.

"Ni ma haka na yi tsammani. So nake in ji daga bakinka." Sai ya ɗaga murya ya tsayar da wani mai babur da ke wucewa. "Kai, Sale! Ga baƙona, Maraɗi za shi. Ka bi da shi sannu, akwai kayan aiki a jakarshi."

Na hau. Da muka kai kwana na waiwaya, ya riga ya jawo wani reshe.